Gonar da Shirun Sha'aban Mai Hoto Ya Ci

Shekara arba'in da 'yan kai, duk wanda ya bi ta bakin kasuwar Tudun Gawo da safe ya san abin da zai tarar. Malam Sha'aban Mai Hoto ya jingine kekensa, ya share gaban rumfarsa, ya yayyafa ruwa, ya rataya shuɗin ƙyallen nan da kusan kowace fuska a garinmu ta zauna a gabansa. Sannan ya ciro kyamara daga jaka, ya hura mata iska, ya goge idonta da wani tsumma da ba ya yarda kowa ya taɓa. In damina ce ba ya buɗewa sai hantsi, don sai ya leƙa gona tukuna. Mai zuwa ɗaukar fasfo na makaranta ko na aikin Hajji zai zauna a benci, Malam ya gyara masa hula, ya ɗaga masa haɓa da ɗan yatsa, ya koma baya taku uku. Daga nan sai ya tsaya da kyamara a ƙirji ya ce, "In ɗauka?" Mutum ya taso tun daga hanyar Makoɗa takanas don hoton nan, amma sai an tambaye shi. Mun yi masa tsiya a kan wannan har mun gaji, bai fasa ba.

Juma'ar da ta wuce ya sauke ƙyallen nan ya naɗe. Ido ya yi rauni, ga wayar hannu ta sa kowane yaro ya zama mai hoto. Ba wanda ya yi masa taro, ba wanda ya yi jawabi. Shi ya sa ni Uwaisu, malamin firamare a garin nan, na ɗauki alƙalami. Kuma gara in faɗa tun yanzu, ba da hannu mai tsabta nake rubutun nan ba. Ina cikin waɗanda suka cuce shi, za ku ji yadda aka yi.

Yaran yanzu suna ganinsa tsoho mai farin gemu da kunne ɗaya kurma, ba su san inda kunnen ya tafi ba. Yana saurayi, shekaru kaɗan bayan yaƙin basasa, ya tafi Kano cin rani, ya faɗa hannun wani Bayarabe mai shagon hoto a Sabon Gari. Lokacin ne makaɗan jita na lantarki suke tasowa daga Kudu da Gabas, motoci-motoci, da gashi tuli a kai da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, suna buga wani kiɗa da suke kira rok. Duk yammacin Lahadi sai a buɗe harabar wani otal, a jera lasifikoki, a fara daga la'asar. Maigidan ya tsufa da shiga turmutsitsi, sai ya riƙa rataya wa Sha'aban kyamara ya tura shi.

In ka same shi cikin nishaɗi yakan ba da labarin wannan zamani. "Ba da kunne ake jin kiɗan nan ba, Malam Uwaisu," in ji shi, "da haƙarƙari ake ji. Ina cusa auduga a kunne amma haƙorana sai sun yi ta kaɗuwa. Kuma fim ɗin ɗauka goma sha biyu ne kacal, in ka ɓarnatar da ɗaya maigida ya ja maka kunne. To sai na gano dabara. Kowa mawaƙi yake kallo, ni kuwa kafaɗar mai ganguna nake kallo. In na ga ya ɗaga ta ya riƙe numfashi, na san mawaƙi zai yi tsalle. Kafin ya bar ƙasa na danna." Ya ba ni labarin wani mai jita da yake kwanciya da baya a kan dandamali yana bugawa, gumi na shiga masa ido, da wata rana da ruwa ya sauko tsakiyar wasa wuta ta ja mawaƙi ta makirfo ta yar da shi, jama'a suna tafi suna zaton salo ne. Wankin hoton kuwa da ruwan randa yake yi, don na famfo in rana ta duke shi yana dafa fim. Kunnen hagu shi ne yake kusa da lasifika shekara shida, can ya bar shi.

Akwai hotunan makaɗan nan guda bakwai a bangon rumfarsa, kowa ya gan su. Abin da ba wanda ya taɓa gani shi ne hotunan 'yan kallo. Su wa ke cika harabar nan? Ba 'yan Kudu kaɗai ba ne. Akwai samarin ƙauyukanmu 'yan cin rani, masu dako da masu ga-ruwa da ɗalibai, waɗanda za su tuɓe babbar riga a ɗakin aboki su sa shat, su je su kwashi rawa a inda ake sayar da giya, Litinin su koma kamar ba su ba. Da yawa sun nemi ya ɗauke su don ƙuruciya. A cikin wannan ƙara ba a jin magana, saboda haka in zai ɗauki ɗan kallo sai ya ɗaga kyamara zuwa ƙirji ya kalle shi. In ya gyaɗa kai a ɗauka, in ya girgiza a wuce. Samarin nan su ne yau dattawan ƙasar nan, wasu alhazai, wasu masu unguwa, wasu suna kabari 'ya'yansu na alfahari da su.

Da ya dawo gida ya taho da baƙin fim ɗin da ake wanke hotunan daga jikinsa. Ya zuba a gwangwanaye, ya yi musu abin da manomi yake yi wa wake, wato toka da ganyen darbejiya, ya sa a wani ɗan rumbu a tsakar gidansa. Dokarsa guda biyu ce. Hoto na mai fuskar ne, shi kaɗai zai zo ya karɓa ko ya ce a ƙone. Ta biyu kuwa, in ka tambaye shi ko wane yana da hoto a rumbun nan, amsarsa ɗaya ce ga kowa: "Ba na cewa akwai, ba na cewa babu." Mun ɗauke ta abin dariya, har yara suna kwaikwayonsa in an tambaye su ko sun ci tuwo.

To, hoto ba ya ciyar da gida a ƙauye. Gona ce ke ciyarwa, kuma kowa ya san yadda ƙasa take a wajenmu, gida na gogar gida, gona na gogar gona, an raba gado an sake rabawa har wani abin da ya samu bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Abin da Malam Sha'aban ya gada ke nan. Gonar da yake ci da ita ta aro ce, mahaifin Alhaji Sabo ya ba shi, kuma da tsohon ya rasu Alhaji Sabo ya bar masa. Shekara talatin da ɗaya yana noma ta. Bai taɓa dasa ko zogale a ciki ba, don mai aro ba ya dasa itace, amma taki kam ba gonar da ta sha kamar tata. A al'adar garinmu, in za ka karɓi gonarka sai ka faɗa da kaka, kafin mutum ya kai taki. Wanda ya zuba taki sai ya ci takinsa. Tun kakanninmu ba a taɓa jin wanda ya taka wannan ba.

Shekara uku da suka wuce, cikin bazara, limamin Juma'armu ya rasu. Na'ibinsa Malam Abdulkabir shi ne kowa yake sa ran zai gaje shi, mutum ne mai karatu da sanyin hali, ya koyar da rabin garin nan. Alhaji Sabo kuwa yana da ƙane, shi yake so a naɗa. An daɗe ana wata raɗe-raɗi cewa Malam Abdulkabir, sa'ad da yake ɗalibta a Kano, ya taɓa buga wa 'yan jitan nan ganguna na wasu watanni. Zance ne kawai, ba mai shaida. Alhaji Sabo ya ce ai shaida tana rumbun Sha'aban. Ni kuma Alhaji kawun matata ne, ga shi na iya rubutu, sai aka ce in rubuta takardar ƙorafi zuwa ga dagaci, a maƙala hoton a jiki. Na rubuta. Har na yi ta gyara jimloli ina jin daɗin kaina, kaico.

Mu biyu muka je, da hantsi, muka same shi a zaure yana ɗinke mangala. Ya gama kai taki ke nan, jaki sittin da wani abu, shi kaɗai da tsufansa. Aka gaisa, aka yi ta'aziyyar liman, sannan Alhaji ya gyara zama.

"Malam Sha'aban, addini muka zo taimaka. Mutumin da zai ja mu salla dole a san ko shi wane ne. Hoton Abdulkabir da ganga muke so."

"Alhaji, ka san amsata."

"Na sani, ta yara ce. Yau ta manya nake so."

"Ba ni da wata. Ba na cewa akwai, ba na cewa babu."

Alhaji ya kalli mangalar ya ce, "Na ga ka kai taki da yawa bana."

"Alhamdu lillahi."

"Allah ya sa mai rabo ya ci."

Na ga allurar ta tsaya a hannun Malam Sha'aban. Bai ɗago ba. Ya ce a hankali, "Alhaji, na zuba taki."

"Gonar ubana ce ko ta ubanka? Ka ji ni da kyau. Daga yau zuwa ruwan shuka, ko ka ba ni hoton, ko ka dafa Alƙur'ani a gaban dagaci ka ce babu shi, in san na haƙura. In ba ka yi ko ɗaya ba, kada ka sake sa ƙafa a gonar nan."

Ni ma na tsoma baki, don kada a ce ban yi komai ba. Na ce, "Baba, abu mai sauƙi ne fa. Kalma ɗaya ce." Ya juyo da kunnensa mai ji, ya kalle ni kallon da har gobe ina jinsa a jikina. Ya ce, "Uwaisu, ni na ɗauke ka hoton shiga aji ɗaya. Kana kuka, hancinka na zuba. Na taɓa nuna wa ɗalibanka?" Muka tashi.

Kwana goma sha tara aka yi tsakanin wannan magana da saukar ruwa, kuma garin nan bai taɓa kallon gabas kamar a kwanakin nan ba. Sauran manoma suna roƙon ruwa, gidan Malam Sha'aban kuwa in hadari ya taso sai girki ya tsaya. Matarsa Inna Hure ce ta ba ni labarin abin da ya gudana a ciki, daga baya, bayan ta yi wata shida ba ta amsa gaisuwata. Ta ce ta roƙe shi da duk abin da ake roƙon miji.

"Na ce masa, Malam, ka ce gara ta cinye mana. Ya ce gara ba ta ci ba. Na ce to ka cinna wa rumbun wuta kowa ya huta, ka ce gobara ce. Ya ce ba kayansa ba ne, ajiya ce, akwai masu zuwa su karɓa. Na ce jikoki huɗu ne a gidan nan, iyayensu ba ƙarfi, me za mu ba su, toka da darbejiya? Sai ya tashi ya fita. Wallahi na yi fushin da ban taɓa yi da shi ba. Kwana uku ruwan alwala kawai nake ajiye masa, ba na magana."

Ta ce a kwanakin nan abinci ba ya shigarsa. Yakan je gonar da yamma ya zagaya iyaka, ya tsaya kan tulin taki, ya dawo. Tsoro yake ji, kuma bai ɓoye mata ba. Ya ce mata, "Hure, ni ma ban san abin da za mu ci ba."

A waje kuwa gari ya rabu. Wasu suka ce da babu hoton da tuni ya faɗa, shirunsa ma shaida ne. Wasu suka ce Malam Abdulkabir ya saye shi. Masu zuwa ɗaukar fasfo suka ragu, don ba mai son a gan shi a rumfar. Akwai kuma wasu dattawa da na lura sun daina zama a majalisa in an ɗauko zancen, su tashi su ce za su duba dabba. A lokacin ban gane dalili ba. Malam Abdulkabir kansa bai ce uffan ba, yana jan salla, ya sallame ya shige gida.

Ranar kwana na goma sha shida hadari ya haɗu baƙi ƙirin, iska ta taso, aka yi yayyafi ya ɗauke. Washegari dagaci ya tara dattawa a ƙofar gidansa, aka aika aka kira Malam Sha'aban. Ina wurin, takardata na aljihu. An kawo Alƙur'ani a kan buzu an ajiye a tsakiya. Dagaci mutum ne mai son sulhu, ya yi masa magana da taushi.

"Malam Sha'aban, ba wanda zai tilasta ka fito da abin da ke rumbunka. Amma ka taimake ni. In babu, ka ce babu, a rufe maganar nan, ka koma gonarka. Alhaji ya yarda da haka."

Malam Abdulkabir yana gefe, kansa a ƙasa, carbi ya tsaya a hannunsa. Malam Sha'aban ya kalli Alƙur'anin, ya kalli dagaci. Leɓensa na rawa, na gani da idona.

"Ranka ya daɗe, ka yi mini afuwa. Ba na cewa akwai, ba na cewa babu."

"Ka san abin da za ka rasa?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Ni na kai takin."

Dagaci ya juya wajen Alhaji Sabo ya tuna masa al'ada, ya ce ba a raba mutum da takinsa. Alhaji ya ce al'ada ba aya ba ce, gona kuma tasa ce, in an ga dama a kai shi kotu. Ba wanda ya iya ce masa komai, don rabin waɗanda ke zaune a wurin suna da wata buƙata a hannunsa. Ni ma bakina a rufe yake. Game da limanci, dagaci ya ce ba a hana mutum da zato, tunda ba shaida Malam Abdulkabir zai ci gaba. Aka watse ba wanda ya kalli wani.

Bayan kwana biyu ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya waye kowa ya fita da sungumi. Malam Sha'aban ma ya fita, da ƙwaryar iri a hannu, don har lokacin yana zaton Alhaji barazana ce yake yi, kunya za ta hana shi. Gonata tana kusa, ina kallo. Ya iso ya tarar da 'yan ƙwadago biyar sun riga sun yi rabin gonar. Ya tsaya a kan iyaka, inda gamba take, bai tsallaka ba. Babban cikinsu ya daina sara ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, mu aiko mu aka yi." Malam ya ce, "Ba komai. Wajen kwarin can ku rage zurfi, ruwa yana kwanciya, iri yana ruɓewa." Ya juya ya koma da ƙwaryarsa a cike. Na sunkuya na yi kamar ina gyara takalmi don kada mu haɗa ido. A wannan shekara geron da gonar nan ta yi, ba ta taɓa yin irinsa ba.

Tun daga nan a kasuwa yake auno hatsi, shi da bai taɓa sayen tiya ɗaya ba a rayuwarsa. Wanda bai tashi a ƙauye ba ba zai gane zafin wannan ba. Ya sayar da jakinsa. Ya yi ƙwadago a gonakin sa'o'in 'ya'yan cikinsa har bayansa ya hana. Ban taɓa jin ya zagi Alhaji Sabo ba, kuma da jikar Alhajin ta zo ɗaukar fasfo na jarrabawa ya gyara mata mayafi ya tambaye ta in ɗauka, kamar kowa.

Ranar Asabar, washegarin rufe rumfar, Malam Abdulkabir ya aiko a kira ni. Na same shi a zaurensa shi kaɗai. Ya ce ya ji zan yi rubutu, yana so in sa abin da zai faɗa da sunansa, kada in rage.

"Gaskiya ne na buga ganguna," in ji shi. "Wata bakwai. Mai gangarsu ya kwanta rashin lafiya, ni kuma ina da hannu tun ina yaro. Na tuba tuntuni, tsakanina da Ubangijina ne. Amma ba wannan na kira ka ka ji ba. Ranar farko da na hau dandamali, Sha'aban ya zo gabana ya ɗaga kyamara zuwa ƙirji. Makaɗa ba a tambayarsu, ai don a ɗauke su suke zuwa, amma ni ya gane ni ɗan gida ne. Na girgiza masa kai. Ya sauke. Wata bakwai ɗin nan, in zai ɗauki mawaƙi sai ya zagaya ta inda ba zan fito ba. Babu hotona, Uwaisu. Bai taɓa ɗauka ba."

Na ce, "Malam, to ranar a gaban dagaci..."

"Da ya dafa ya ce babu, gaskiya ya faɗa. Ni ma na sani. Da na miƙe na ce haka, da gonarsa na nan. Amma in na ce bai ɗauke ni ina kiɗa ba, na amsa na yi kiɗan ke nan. Na ji tsoro, na zauna. Shekara uku ina hawa mumbari da wannan a wuyana." Ya share ido da hannun riga, ya ce Juma'a mai zuwa zai faɗa wa jama'a da bakinsa, ko da za a sauke shi.

Daga nan gidan Malam Sha'aban na wuce, raina a ɓace, ban ma san da wa nake fushi ba. Na same shi a tsakar gida yana wa jikarsa gyaran takalmi. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na zayyana masa abin da na ji. Na ce, "Baba, haba. Ashe babu. Gaskiya ce za ka faɗa, ba ƙarya ba, ba rantsuwar kaffara ba. Ka bar gonar shekara talatin ta tafi a kan hoton da babu shi?"

Ya ce, "Shi ya faɗa maka, ba ni ba."

"Shi ya faɗa."

"To. Ai kai malamin lissafi ne. Yau na ce na wane babu. Gobe a zo a tambaye ni wani, shi kuma nasa akwai. Ƙarya ba zan yi ba, sai in yi shiru. Me shirun zai zama?"

Bai jira amsata ba, ya ƙara da cewa:

"Ranar da na ce babu sau ɗaya, na tona duk waɗanda ke rumbun nan. Wasu sun mutu, ba za su iya zuwa su ce in ƙone ba. 'Ya'yansu na nan suna yawo da sunansu."

Ya ci gaba da ɗinkinsa. Ni kuwa sai na tuna mahaifina Sama'ilu, Allah ya jiƙansa, wanda ake kafa misali da kamun kansa a garin nan, ya yi rani huɗu yana dako a Sabon Gari a daidai waɗancan shekaru. Na kalli ɗan rumbun nan, taku biyar tsakanina da shi. Na buɗe baki zan tambaya, sai na ga Malam ya ɗago yana jira, kuma na san amsar da zan samu. Na rufe bakina, godiya da kunya suka haɗe mini.

Baba Sha'aban, kai ne ka nuna mana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma da tuwon gidanka ka biya. Kai ne ka tsaya a gaban dagaci leɓenka na rawa, ka san jikoki na jiranka, ka riƙe amanar mutanen da ba su ma san kana riƙe musu ba. Rumbu mai toka, ba ka zubar da ajiya. Na gode maka a madadin waɗanda suka tashi daga majalisa suka ce za su duba dabba, da waɗanda ke kwance a maƙabarta. Ni kuma ka yafe mini takardar nan da na rubuta, da sunkuyon da na yi ranar shuka. Allah ya rufa maka asiri duniya da lahira kamar yadda ka rufa wa bayinsa.

Ku kuma masu waya a hannu, da kuke ɗaukar mutum yana faɗuwa ko yana kuka ku watsa kafin ya miƙe, ku je ku zauna da tsohon nan tun yana da rai, ku koyi tambaya kafin ku danna, ku koyi riƙe abin da kuka gani. Mu manya kuma kada mu tsaya a yabo, don yabo ba ya shiga tukunya. Ni gonata 'yar ƙarama ce, na yanke masa kunya goma daga gefen gabas, amma ba za su kai gidansa ko watan azumi ba. Akwai masu fili a garin nan da suka fi ni sanin dalilin da ya sa ya kamata su buga masa ƙofa, kuma ba sai sun yi wa kowa bayani ba. Inna Hure ta nuna mini damin irin gero da take sauyawa duk shekara tana ratayewa a ɗaki, ko Allah zai sa. Ruwan shuka saura mako uku ko huɗu, kuma har yau Malam Sha'aban ba shi da gonar kirki da zai zuba shi.